Gobardhan Mai Tsaya Wa Inji

Gobardhan Pal mai sayar da ƙanƙara ne a Kalkata, sana'ar da ya gada wurin ubansa. A shekarar 1957 wata cibiyar bincike ta sayo injin lissafi daga Turai, ƙato ya cika ɗaki guda, ga zafi kamar murhu. Aka ɗauki Gobardhan ya riƙa kawo ƙanƙara ana jerawa gaban fanka.

Injin nan akwai taurin kai. Ya yi aiki minti goma, ya ɗauke wuta yini guda. Masana suka kwance suka ɗaura, a banza. Sai Dakta Sanyal, shugaban ɗakin, ya lura duk sanda mai ƙanƙara ya tsaya bakin taga yana share gumi sai injin ya farfaɗo, da ya ɗaga ƙafa sai ya mace. Ashe wani katako ne a daɓen, in an danne shi yakan matse wata waya da ta saki a ƙarƙashi. Tone daɓen kuwa sai da izinin gwamnati daga Delhi, aka aika takardar nema.

"Malam Gobardhan, tsaya nan, kada ka motsa," in ji Dakta.

"Har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Har amsa ta zo."

Aka gwada ɗora buhun shinkafa, ɓeraye suka cinye, suka haɗa da wayoyi. Aka gwada dutse, mai duba gini ya ce doka ta hana ajiye kaya a bakin taga. Mutum kuwa ba kaya ba ne, don haka aka ɗinka wa Gobardhan farar riga, aka naɗa shi mataimakin inji. A shekara ta huɗu amsar Delhi ta iso, tana tambayar wane daɓe ake nufi.

Da fari kunya yake ji, ƙato da shi a ce aikinsa tsayuwa. Sannu a hankali ya saba, har ta tafin ƙafa yake gane injin zai yi gardama. Ran nan ya yi atishawa, lissafin wata gada na kwana uku ya rushe. Da zazzaɓi ya ramar da shi, aka ba shi ƙamus biyu ya rungume. Da ya murmure ya yi ƙiba, injin ya fara cewa biyu da biyu biyar ne, sai Dakta ya aika wa matarsa Shefali takarda a rage masa kifi da shinkafa. Ta ɗauro zanenta na sari ta zo da kanta.

"Dakta, mijina ne ko mijin ƙarfen nan?"

"Uwargida, ƙasa ce take bukatarsa."

"To ƙasar ta riƙa dafa masa."

Aka daidaita a kan kifi ɗaya da rana, biyu ranar Lahadi.

Shekara tara yana tsaye. A unguwa ana gaishe shi da girma, ana kawo masa tambayoyin lissafi, ya ce sirrin gwamnati ne. Da aka kawo sabon inji wanda ba ya zafi, aka yi masa walimar sallama, aka ba shi kyautar kujera. Ya zauna bai fi minti biyar ba bayansa ya riƙe.

Ya so komawa ƙanƙara, ya tarar masu shaguna duk sun sayi firji. Sai ya kafa teburin shayi a ƙofar cibiyar. Dakta Sanyal kullum yana can da hantsi, suna zagin sabon injin tare, har tsufa ya kai Gobardhan gidan 'yarsa a garin Howrah.