Gwaggo Saude da Tallafin Gidan Raino

Duk macen da ta yi karatu a jami'ar da ke Yelwa da goyo a bayanta, a 'yan shekarun baya, ta san gidan Gwaggo Saude. Sunanta na yanka Saudatu, haifaffiyar cikin garin Bauchi ce, aure ne ya fito da ita Yelwa tun wurin yana gonaki. Mijinta Bappa direban tifa ne, ya rasu 'yarsu ɗaya tilo, Ni'ima, tana aji uku a firamare. Saudatu ba ta sake aure ba. Ta samu aikin shara a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, ta shekara goma sha takwas tana yi, da shi ta rene 'yarta har ta aurar da ita Kaduna.

Rainon 'ya'yan mutane kuwa ba shirya shi ta yi ba. Wata ɗaliba ce ta tare ta da safe tana haki, ta roƙe ta ta riƙe mata jaririya har ta fito daga jarrabawa. Saudatu ta goya yarinyar ta ci gaba da shararta. Washegari su biyu suka zo. Da ta ajiye aiki sai suka bi ta har gida, daga baya masu tuyar masa a bakin ƙofar makaranta da masu wankau su ma suka gano hanya. Ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Wata ta zo da gero, wata da sabulu, wata da godiya kawai. Akwai lokacin da yara ashirin da 'yan kai ke yini a tsakar gidanta, a kan tabarmi uku, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Da rana ta dama musu kunun gyaɗa, ta san wanda ke sha da zafi da wanda sai an fifita masa.

Cikin waɗanda ta yi wa raino akwai Mary, 'yar Bogoro, wadda ta gama karatu ta zama malama a sashen koyar da malanta. Ita ce ta zo wata Asabar da labarin wata gidauniya mai ba da tallafi ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke kula da ƙananan yara. Ta ce in aka yi rajista, aka kafa kwamiti, aka cike fom, za a iya samun gini da kayan wasa da ma'aikata. Saudatu ta ce ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba, amma damina na wahalar da ita, don in ruwa ya sauko sai ta cusa yaran duka a ɗaki ɗaya.

Sun yi makonni suna zama a bakin ƙofar ɗaki, Mary da kwamfuta a cinya tana karanto tambayoyi tana fassarawa. Da aka zo kan abin da ake koya wa yaran, Saudatu ta ce tana koya musu wanke hannu, da gaida manya, da kada su ciji juna. Mary ta yi dariya, ta rubuta wani dogon abu da Turanci. Sau biyu ana mayar musu da amsa cewa ba su dace ba. A na uku aka ba su.

Sai dai tallafin ya zo da sharuɗɗa. Dole wurin ya kasance mai katanga da banɗakin yara, kuma filin da aka samu a Gubi yake, kusa da ɗaya harabar jami'ar. Dole kuma shugabar wurin ta kasance mai takardar shaidar malanta. Mary ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi wannan, idonta a ƙasa.

"Gwaggo, ba cire ki aka yi ba," in ji ta. "Ke ce uwar ƙungiya. Sunanki ne ma a jikin allon."

"Na ji, 'yata. Yaran dai su samu inda ruwa ba zai dake su ba."

Da aka buɗe wurin, kullum Saudatu sai ta hau keke mai ƙafa uku ta sauka ta shiga bas har Gubi. Ba ta da abin kushewa. Akwai fanka, akwai 'yan kujeru daidai tsawon yara, kowane jariri da gadonsa da gidan sauro. Duk wata sai ma'aikaciyar jinya ta zo ta auna su. A zuwan ma'aikaciyar na biyu ne ta gano cewa wani yaro, Fortune, ba ya ji sosai da kunnuwansa duka biyu. Shekara guda yaron nan ya yi a hannun Saudatu, tana kiransa mai taurin kai saboda ba ya waiwayowa in an kira shi. Ranar ba ta iya cin abincin da aka zuba mata ba. Ta nemi uwar yaron ta ba ta haƙuri, matar ta rasa ma haƙurin mene ne.

Tun daga nan ta daina sa baki a tsarin wurin. An ajiye mata kujera mai hannu kusa da ƙofa, malamai na wucewa suna rusunawa su gaishe ta, babu mai ba ta aiki. Wata rana wata jaririya ta yi ta tsala kuka a gado, Saudatu ta ɗauke ta, ta jawo zani ta goya, nan take yarinyar ta yi luf. Sai ga Anita, matashiyar da ke shugabantar wurin, ta zo cikin ladabi ta ce dokar masu ba da tallafi ba ta yarda ma'aikaci ya goya yaro ba, kuma sukan zo dubawa ba sanarwa. Saudatu ta kwance zanin a hankali, ta mayar da jaririyar. Ta koma zuwa sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya, daga baya sai in an aiko.

Gidan Yelwa ya yi mata girma. Maƙwabtanta ɗalibai ne 'yan haya, da safe su kulle ɗakuna su fice, kafin ta riƙe sunan ɗaya ya gama karatu ya tafi. Ta daɗe hannunta bai koyi dafa abincin mutum ɗaya ba, kullum sai ya yi saura. Takan kunna rediyo ta bar shi yana ta magana ko ba ta saurare. Ranar Juma'a Ni'ima kan kira ta a waya, su gaisa, ta tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau.

Bayan shekara uku lokacin sabunta tallafin ya yi, baƙi suka zo daga Abuja, suka ce suna son ganin wadda ta kafa wurin. Mary ta zo da mota ta ɗauke ta. Aka zaunar da ita a tsakiyar yara, yawancinsu ba su san ta ba, aka yi ta ɗaukar hoto. Ta ba da labarinta tun daga shara, Mary na fassarawa. Da wata daga cikin baƙin ta tambayi abin da take so a ƙara, sai ta ce mota. Ta ce 'ya'yan masu tuyar masa na Yelwa ba su biyo su Gubi ba, don iyayensu ba za su iya hawa mota biyu kullum ba, yanzu suna can suna rarrafe kusa da wutar tanda. Baƙuwar ta gyaɗa kai, ta rubuta a littafinta.

An sabunta tallafin, har aka ƙara aji ɗaya. Maganar mota ba ta shiga ciki ba. Mary ta ce za a sake gwadawa a wani zagayen.

A daminar shekarar Ni'ima ta haifi ɗa namiji bayan dogon jira, aka sa masa Mahfuz. Saudatu ta kulle ɗakinta, ta bar makulli wajen mai shagon bakin layi, ta ce in an yi arba'in za ta dawo. Ba ta dawo ba har yanzu. Gidan Kaduna a saman bene yake, ita da jariri suke yini, ta taga take ganin mutane. A unguwar babu wanda ya san abin da ta taɓa yi, kakar Mahfuz suke ce mata.

Da yaron ya fara tafiya, Ni'ima da mijinta suka yanke shawarar sa shi a gidan raino na kusa da su, don ya saba da yara, ya fara jin Turanci. Saudatu ta ce ai tana nan, ba inda za ta.

"Inna, kin yi mai yawa," in ji Ni'ima. "Ki huta haka nan."

Ba ta ja maganar ba. Abin da ta roƙa kawai a bar ta ita ta riƙa kai shi. Ƙarfe bakwai da rabi take saukowa daga bene da shi, tana riƙe da ƙarfen matakala saboda gwiwa. A bakin ƙofa wata malama kan karɓe shi da jakarsa, ta ce mata a zo ɗauka ƙarfe biyu. Daga nan Saudatu ta juya ta hau sama a hankali, tana hutawa a kowane hawa.