Ranar da Na Juya wa Abdurrahim Shafi

Har kwanan gobe ban manta da ranar da aka ba ni aikin juya shafi ɗaya tak na kasa ba. Ku da kuke aiki a shagon nan kuna jin tsofaffin unguwar Mansur suna kirana Usɗa Baya-baya, kuna ƙunshe dariya, kun zaci tafiyata ake nufi. To, ku ajiye kayan aikin ku ji daga bakin mai ita.

Wajen shekarar 1965 ne, alhazai sun watse, garin Makka ya yi tsit. Lokacin ina aiki a shagon gyaran rediyo na Usɗa Salim a unguwar Jarwal. A sana'armu ana farawa ne da shara da miƙo kaya, sannan a yarda ka buɗe bayan rediyo, sannan idan Allah ya so a kira ka usɗa, wato gwani. Ni ban daɗe da samun sunan ba, kaina kuwa ya kumbura har ƙofar shago ta yi mini kaɗan. Ni ke riƙe da musajjil, na'urar ɗaukar murya mai faifai biyu masu juyawa, zaren da ke naɗe a kai muna ce masa shariɗi. Na ɗauki mahaddata, na ɗauki wa'azi, na ɗauki alhazai masu aika gaisuwa gida. A ganina ba sauran abin da za a koya mini.

Wata safiya Usɗa Salim ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce in je gidan Ammi Ƙasim, wato Baffa Ƙasim, mai sayar da darduma, in yi abin da ɗansa ya ce, kada kuma in buɗe baki a unguwa. Ya ce in tafi da shariɗi biyu. Na ce, "Usɗa, ɗaya ya isa. Ni ba na maimaita aiki."

Ammi Ƙasim mutumin Bukhara ne, iyayensa sun gudo da shi daga hannun Rasha yana ƙarami. Ɗansa Abdurrahim an tura shi Beirut karatun kasuwanci, sai ya dawo da wata cuta daban. A ɗakin can ƙurya na tarar da ita: piyano, wani ƙaton akwatin katako mai haƙora farare da baƙaƙe, ana danna su da yatsu su yi ƙara. Daga Jidda aka shigo da shi a bayan mota, an lulluɓe da darduma, aka ce wa maƙwabta kabad ne. Kun san garinmu a lokacin, ba abin da ake nunawa a fili ba ne.

Abdurrahim ya yi mini bayani. Akwai gasar kiɗa a Beirut, amma kafin a kira mutum sai ya aika shariɗi alƙalai sun saurara. Ƙa'idarsu a buga daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, ba yanka, ba haɗi. Kawunsa zai tafi Jidda ya hau jirgi da an idar da la'asar, shi zai kai. Mahaifinsa kuma ya yanke magana: idan gasar nan ba ta yi ba, a rufe akwatin, ya zo shago ya zauna. Abin da ya fi ƙona wa tsohon rai, kiɗan da yaron ya zaɓa na wani Barashe ne. Da kunnena na ji shi a tsakar gida yana cewa, "Sun ƙwace mana gari, yanzu sun biyo ni Makka sun ƙwace mini ɗa."

Lokacinmu tsakanin azahar da la'asar ne kawai, sa'ad da kowa ya kwanta ƙailula kuma ba amalanke a titi. Muka rufe tagogi, muka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Zafi kuwa ba a magana. Na sa ya buga inda ya fi ƙarfi don in gwada, allurar na'urata ta yi tsalle ta manne a ja. Ban taɓa jin hannun mutum ya fitar da irin wannan rugugi ba. Sai da na ja makirfon baya har bakin ƙofa na ɗora shi kan matashi.

Yana goge gumi ya ce, "Usɗa Idris, ba saurin ne wahalar ba. Malamina ya ce alƙalai sun gaji da yatsu masu gudu. Hannun hagu ana so ya yi nauyi kamar manyan ƙararrawa, waƙar kuma tana ɓoye a tsakiya, sai ka fito da ita a hankali. Akwai wani wuri mai sanyi da ake so ka jira. Ni kullum tsoro ke kama ni a nan, sai in ruga."

Na gyaɗa kai kamar da ni aka rubuta kiɗan. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

Sannan ya zo ga roƙonsa. Ya ce duk ya haddace, sai wani wuri kusa da ƙarshe inda hannaye biyu ke tsallake juna, nan yake so littafi ya kasance a buɗe gabansa. Shafi ɗaya ne za a juya. Idan ya sunkuyar da kai, in juya. Ya ce, "Mu gwada sau ɗaya?"

Wallahi sai na ji ya raina ni. Na ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, tun ina ɗan shekara bakwai nake juya shafin Alƙur'ani a Harami. Yau kai za ka koya mini?" Ya ba ni haƙuri, bawan Allah.

Na kunna musajjil, na tsaya a hagunsa, ya fara. Ni da ban san komai ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Da ya iso wurin nan mai sanyi bai ruga ba. Ya jira, ya jira, har na ji kamar in riƙe numfashina in taya shi. Ta ƙasan ƙofa na hango ƙafafun Ammi Ƙasim, ya zo ya tsaya bai motsa ba. Daga nan abin ya sake tashi, gumi na ɗiga a haɓar yaron, ya sunkuyar da kai.

Na miƙa hannu cikin ƙwarewa, na kama shafin hagu na kifa shi dama, yadda duk ɗan makaranta yake yi da littafin Larabci. Littafin Turawa kuwa ta ɗaya gefen ake bi. Na mayar da shi baya ke nan. Ya zaro ido yana ta kaɗa kai, ni kuma na ɗauka cewa yake in ƙara. Na ƙara masa shafi biyu, duk baya. Da na ga fuskarsa ta canza sai na rikice na fizgi littafin gaba ɗaya, ya zame ya faɗo kan haƙoran da wata irin ƙara. Abin da shariɗi ya ɗauka na ƙarshe muryata ce ina salati.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce zan yanka shariɗin da reza in haɗa masa ƙarshe, ko aljani ba zai gane ba. Ya ce, "Ni zan gane." Ya tambayi shariɗi na biyu. Na ce ɗaya na zo da shi. Da hannuna na mayar da zaren farko, na goge abin da ya buga, ina ji kamar in yi kuka.

A karo na biyu ya rufe littafin ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Usɗa, don Allah zauna can, ka ɗora hannayenka a gwiwa." Na zauna kamar ɗan da aka yi wa faɗa. Ya buga da ka har ƙarshe. Bai ɓata ba, amma a wurin mai sanyi ya ɗan ruga, ni kaina na ji. Yana ɗage hannu aka fara kiran la'asar, kawunsa ya karɓi shariɗi ya wuce.

Na yi wa Usɗa Salim rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba. Shi kaɗai na ba labari, shi ne kuma ya kasa riƙewa. Bai ambaci piyano ba, ya dai ce an ba ni littafi na karanta shi da baya. Kafin Juma'a sunan ya bi ni har gidanmu.

An kira Abdurrahim gasar. Ya je Beirut, aka fitar da shi a zagayen farko. Bayan 'yan watanni na bi ta kasuwa na gan shi zaune kan tulin darduma yana awo da igiya. Na so in sulale, ya kira ni ya sa aka kawo shayi.

Na ce, "Yaya aka yi a can?"

Ya ce, "Na ruga. A can ba littafi, ba mai juyawa. Da ma na tafi da kai, Usɗa, da na sami wanda zan ce shi ya ja mini." Muka yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Sai ya juya kofin a hannunsa, ya ce, "Sau ɗaya na taɓa buga shi daidai. Kai da Baba kawai kuka ji."

Ammi Ƙasim yana can ciki yana naɗe darduma, bai juyo ba. Ya ce, "Na ji. Ya yi kyau."

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake takura muku. A sana'ar nan mutane suna kawo mana abin da ba zai maimaitu ba, muryar tsoho ko karatun wanda gobe ba ya nan. Idan mai kaya ya ce mu gwada sau ɗaya, ku gwada, ko kun yi aikin tun kuna goye. Kuma ku fita da shariɗi biyu.