Sunana a Cinyar San Kawu

A shekarun da manomi ba ya duƙawa a gona sai ya waiwayi bakin daji, ina koyarwa a wata firamare a Batsari, albashi kuwa yakan ƙare tun wata bai raba tsakiya ba. Sai na haɗa da ɗaukar hoto da waya: suna, walimar sauka, ɗaurin aure, ranar kasuwa kuma in zaga in ɗauki abin da ya burge ni in saka a Fesbuk. Ba yabon kai ba, ina da ido. Haƙuri ne Allah bai ba ni da yawa ba.

Wata rana na ɗauki layin masu sayar da gero, buhuna duk rabi-rabi, mata sun yi cirko-cirko da kwanoni suna jin farashi. Ba a jima ba na ga hoton a shafin wani mutumin birni, ya rubuta wai shi ya sayar da ransa ya shigo yankinmu ya ɗauko. Jama'a sai sa masa albarka suke yi. Ni da na tsaya a rana har wani dillali ya zage ni, ko sannu ban samu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini manhajar da ake buga tambari a jikin hoto. Ka rubuta sunanka, ka zaɓi irin rubutun, ka rage masa kauri yadda zai yi dishi-dishi, ka ja shi da yatsa zuwa inda kake so. Da farko na ajiye nawa a kusurwar ƙasa, cikin ladabi. Ɓarayin suka yanke kusurwar suka ci gaba da harkarsu. Sai na fusata na dawo da shi tsakiya, na ƙara masa girma da kauri, yadda duk wanda zai yanke sunana sai ya yanke amarya biyu. Wayata kuma kullum kukan cika take yi, don haka da na buga tambari sai in goge hoton asali. Har alfahari nake yi a ofishin malamai cewa ko wanda ya ƙirƙiri manhajar bai isa ya cire ba.

Ƙanen mahaifiyata yana Tsaskiya, a ƙasar Safana. Kawu ya tashi cikin shanu, amma zuwa lokacin da nake ba da labari, tsakanin ɓarayi da cuta da sayarwa don a ci abinci, sa ɗaya ya rage masa, fari, mai tabo baƙi a wuya. Da damina yakan haɗa shi da na maƙwabcinsa su ja garma, yau gonar wannan gobe ta wancan. A cinyar hagu akwai lambar gidansu, zane uku na wuta, irin wadda kakanmu yake yi wa dabbobinsa.

Na je gaishe shi bayan sallah, na sa ya tsaya kusa da san na ɗauke su. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Da na zo buga tambari na duba ko'ina, babu wuri mai faɗi da haske kamar cinyar nan, sai na shimfiɗa sunana a kai, daga gindin wutsiya har ciki. Na wanko shi a Batsari na kai masa. Kawu ba ya karatun boko. Ya juya hoton, ya sa yatsa a kan rubutun ya tambaye ni mene ne. Na ce sunana ne, don kada a sace.

"San ko hoton?"

Na ce hoton. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai boko ta yi rana, tunda yanzu hoto ake tsaro a bar sa. Ya sa shi a ƙasan akwatin kayansa.

Da rani aka shigo garin aka kore dabbobi, har da san. Kawu bai yi kuka ba, amma matarsa ta gaya mini kullum da safe sai ya je ya tsaya a bakin turken. Ana dab da saukar ruwa aka ji labarin an ƙwato wasu shanu an tara su a wani fili a Safana, an kafa kwamitin dattawa, duk mai dabba ya zo da shaida. Kawu ya je, ya hango nasa tun daga nesa, san ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Matsalar ita ce ɓarayin sun bi cinyar da ƙarfe mai zafi sun dagula lambar, ga kuma wani mutum daga wani ƙauye ya kafe cewa san nasa ne. Sai Kawu ya zaro hoto daga aljihu.

Ina cikin aji aka kira ni a waya, wai kwamiti na nemana. Na hau mashin ina ta saƙe-saƙe, har da tunanin ko aikin hoto za su ba ni.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai gilashi, tsohon ma'aikaci, irin mutanen da ba sa gaggawa ko da gobara ake yi. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙo mini hoton. Ya ce tabon wuya ya yi daidai, ƙaho ma haka, amma fararen shanu masu tabo ba su da iyaka. Abin da zai raba gardama lamba ce, a gwada ta hoton da ragowar zanen da ke jikin san, lambar kuwa ga ta ƙarƙashin rubutu, ba a ganin ko zane ɗaya. Ya ce in cire. Na ce ba ya ciruwa. Ya ce in kawo na asali. Na sunkuyar da kai na ce na goge.

Na shiga yi masa bayani cewa tambari na hoto ne, ba na abin da ke cikin hoto ba, haka ake yi a duk duniya. Ya saurare ni har na gaji don kaina.

"Malam, mu nan abu ɗaya muka sani," in ji shi. "Abin da aka buga ma dabba a cinya, na mai ita ne. Ga sunanka nan. In naka ne, ka yi alwala ka rantse ka tahi da abinka. In ba naka ba ne, hoton ga bai shaidi kowa ba, sai zama na gaba."

Zama na gaba kuwa ba wanda ya san ranarsa. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma, shanun da ke filin nan kuma ba kowane ke kai mako a tsaye ba. In sa bai koma gida yanzu ba, Kawu ba shi da huɗa bana, maƙwabcinsa ma haka. Na roƙa a bar Kawu ya rantse. Shugaban ya ce ai ɗaya mutumin ma cewa yake zai rantse, ba za su haɗa Musulmi biyu a kan Alƙur'ani alhali dole ɗayansu ya yi ƙarya ba, sai wanda shaida ta nuna. Ni kuma, duk rashin haƙurina, ban kai in dafa Littafi a kan abin da ba nawa ba. Raina ya ɓaci, na ji haushin kwamiti, na ji haushin manhaja, na rasa wanda zan zaga.

Kawu yana tsugune a gefe duk wannan lokaci. Sai ya miƙe, ya gyara hula, ya ce wa dattawan su zama shaida. Ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, san ga nawa ne, Allah ya sani. Na ba ka shi kyauta, duniya da lahira. Ka amsa?"

Na ce ban gane ba. Ya sake tambaya, na ce na amsa.

"To tahi ka yi alwala."

Na rantse cewa san nawa ne, halak malak, kuma ban yi ƙarya ba. Da ɗaya mutumin ya ga an dafa Alƙur'ani da gaske, sai ya ce wataƙila dai kama ce, ya sulale. Aka rubuta sunana, aka miƙo mini igiya. Shugaban har ya yaba mini, ya ce da kowa zai riƙa rubuta suna a jikin dabba haka, da aikinsu ya yi sauƙi.

Da muka fita gari na miƙa wa Kawu igiyar, ina dariya, na ce dabara ta yi, ga abinsa na mayar masa. Bai karɓa ba. Ya ce shi ba dabara ya yi ba. In ya karɓa yanzu, to wasa muka yi da Littafin Allah a gaban mutane, shi kuma bai tsufa don ya yi amai ya lashe ba. Na ce to ni ma kyauta nake ba shi, sabuwa. Ya ce in riƙe kyautata. Na yi magiya, na haɗa shi da mahaifiyata daga baya, ta yi masa faɗa irin na ya da ƙane, duk a banza. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne ya tafi da san ya yi mini kiwo, tunda ba ni da turke a gidan haya.

Haka na zama mai sa, ni da ko akuya ban taɓa ɗaurewa ba. Da kaka ya aiko mini da damin gero, wai ladan aikin dabbata. Na mayar, ya sake aikowa. Tambari dai na daina bugawa a tsakiya, hotunana kuma ana ci gaba da sacewa lafiya lau, ban ƙara ɗaga murya ba.

Da damina ta zagayo, ruwan farko ya sauka, ina ofishin malamai wayata ta yi ƙara. Lambar maƙwabcin Kawu ce. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce ga Kawu a kusa da shi, amma ya ce ba sai ya karɓi wayar ba, saƙo ne kawai.

"Ya ce a gaishe da mai sa. Ƙasa ta jiƙa, gobe yana son shiga gona, in za ka ba shi aro."