Mabugin da Na Kai Kebbe

Lokacin da aka turo ni koyarwa Tambuwal, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, akwai teburin buga 'yar farar ƙwallon nan mai kama da ƙwai a ɗakin karatu na En'e. Wani Bature mai duba makarantu ne ya bar shi da zai koma gida, da ragarsa da mabugai biyu waɗanda robarsu ta soma suɗewa. Bayan la'asar ma'aikata kan taru a nan. Duk cikinsu babu wanda nake son ci kamar malamin asibiti, domin ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara bawansa yake kirana.

Muna nan yau ni gobe shi, sai aka tura shi kwas Zariya. Ya dawo da mabugi na kansa, mai soso a ƙarƙashin roba. Idan ya buga ba ka jin ƙara, sai dai ka ga ƙwallo ta sauka gabanka ta karkace ta nufi taga. Daga ranar ban sake cinsa ba. Na ce aikin soso ne, ba hannunsa ba. Na nemi aro, ya ce ba a ba bawa sandar ubangidansa. Ban gama hucewa ba aka mayar da shi Kebbe, ya tafi da mabuginsa.

Sai na ƙudura yin nawa. Na zana wa kafinta siffar a ƙasa, ya yanko mini na maɗaci. Kyau kam ba a magana, amma nauyi kamar guntun taɓarya, kafin magariba wuyan hannuna ya kumbura. Na rimi kuwa ba nauyi, sai dai ƙwallo na taɓa shi take mutuwa, kamar ta faɗa kan matashin kai. A ƙarshe wani mai kanti ya ba ni murfin akwatin ganyen shayi, shi ne ya yi daidai. Idan an tashi daga makaranta sai in tura teburin aji jikin bango in yi ta bugawa ni kaɗai, in tsaya in ƙwanƙwasa katakon kusa da kunne kamar tsohuwa mai sayen tukunya. Hedimasta ya leƙo sau ɗaya, ya gan ni, ya ja ƙofa a hankali ya wuce.

Roba ta fi ba ni wahala. Ta cikin tayar keke ta yi siriri, ta babbar mota ta yi kauri, ƙwallo na tashi har rufin ɗaki. Da na rasa soso sai na feƙe takalmin wankana na shimfiɗa a kan katakon, na ɗora ta keken a kai. Sholishon mai faci ya ƙare bayan mun manne gefe guda, ɗaya gefen na liƙe da ƙaro. Mariƙin kuma ya yi mini kanta a tafi, na kai wa baduku ya naɗe da jar fata mai laushi. Ya ɗauka mafici ne na wani babban mutum, ya ƙara masa geza irin ta kuben wuƙa. Na ce a cire, ya ɓata rai, na bari.

Wata Asabar cikin bazara na sa mabugin a jakar keke na kama hanyar Kebbe. Na isa rana tsaka, jiƙe da gumi. Taubashina ya juya mabugin, ya karkaɗa gezar, ya tambaya ko fifita na zo yi masa. Teburinsu ƙofar ɗakin ajiya ce da aka ɗora kan ganguna a inuwar darbejiya gaban asibiti, ragar kuwa guntun gidan sauro. Ƙwallo ɗaya ce tak a garin. Masu jiran allura da Fulanin da suka zo cin kasuwa suka kewaye mu.

Da farko abin ya yi mini daɗi. Gefen sholisho yana murɗa ƙwallo yadda ban zata ba, har na ga ya daina dariya. Sai ya jefo mini wata ta hagu, na juya gefen ƙaro na kai mata da ƙarfina. Ashe zafin hanya ya narkar da ƙaron. Ƙwallo ta faɗi gabana, roba da soson takalmi suka tashi suka haye raga suka same shi a goshi. Ya ɓamɓare, ya duba, ya ga shatar diddigena a jiki.

"Bawana," in ji shi, "takalmi kaka jihwa ta da shi gaban mutane? To amshi nawa, ba ni wanga naka. Yau mu ga ko soso na, ko hannu."

Abin da na daɗe ina nema ke nan. Na riƙe mabugin Zariya, na shafa robarsa mai santsi, na ɗan taɓa ƙwallo kaɗan kawai. Ta tashi ta haye kansa, ta haye kan 'yan kallo, ta faɗa ƙwaryar wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono a bakin hanya. Ta tsamo ta da ludayi, ta ce ba ta taɓa ganin ƙwan da ba ya nutsewa ba. Kafin mu isa ta matsa da babban yatsa don ta ga abin da ke ciki, ta loɓa ta.

Na ɗauka wasa ya ƙare, kuma a raina ban ƙi ba. Amma taubashina ya kunna risho, ya ɗora ruwa a tukunyar da yake dafa allurai, ya jefa ƙwallon ciki. Muna kallo loɓawar ta taso ta koma sumul. Dattijuwar ta ce lalle wannan malami ya iya magani, gobe za ta kawo masa gwiwarta.

Muka ci gaba. Da mabugina mai gefe ɗaya, geza tana kaɗawa, ya yi mini cin da bai taɓa yi mini da nasa ba. Da muka gama ya ce katakon ba laifi, robar a mayar wa mai keke, amma mariƙin ya fi nasa zama a hannu, don haka ya riƙe, tunda abin bawa na ubangidansa ne. Nasa ma ya karɓe.

Sai da na zo alwalar la'asar na lura tafina ya yi jawur. Gumi ya sa rinin fatar ya zuba. Na wanke da sabulu, na goga da toka, bai fita ba.

Ranar Litinin ina rubutu a allo, yara suna ta ƙus-ƙus a bayana. Da aka fita tara hedimasta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana duban hannuna. Sannan ya ce shi ba ya shiga sha'anin kowa, amma idan malami ya tafi Kebbe aka sa shi a lalle, ya kamata abokan aikinsa su ji daga bakinsa, ko goro ne su samu. Na yi masa bayanin baduku da jar fata tun daga farko. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya.