Saƙonnin Yaya sun maƙale a kwallar Inna

Jama'a, yau ƙaramar waya ta so raba ni da Yayana!

Kun san na ajiye babbar wayata saboda wahalar caji, na sayi 'yar ƙarama mai maɓalli. Kwana shida ke nan ba saƙon da ya shigo. Na ce Alhamdu lillahi, na huta.

Ɗazu a kasuwar Anka na haɗu da wani direban Gummi. Ya ce, "Kai, mi ka yi ma Yaya Sani? Ya ce saƙo huɗu ya aiko maka ka yi banza da shi, ya rantse shi ba ya fara kiran ƙane a waya."

Na garzaya wurin mai gyara. Ya ce, "Layinka ya mutu, sayi sabo."

Na ce wallahi ban saye!

Na ce bari in gwada layin cikin babbar, sai gida. "Inna, ina babbar wayar?"

Ta ce, "Tana cikin kwalla, ƙarƙashin daddawa."

Na maida layin cikinta, na kunna data. Ƙirrr! Ƙirrr! Saƙonni kamar ruwan Agusta! Ashe ta intanet suke biyowa, ƙaramar kuwa ba ta san wannan hanya ba. Na shiga saitin saƙo na kashe abin da ke bi da saƙo ta intanet, na maida layi cikin ƙarama. Na kira Yaya na ba shi haƙuri, na ce ya gwada. Nan take saƙon ya shigo!

Kun san abin da ya rubuto? Matarsa ta haihu, namiji, gobe suna, kuma sunana za a sa!

Wa ke da rago mai sauƙi?