Telan da Ya Gama Tsere

Telan layinmu, wanda muke kira Sai-Gobe, ya shekara talatin yana ɗinki bai taɓa cika alkawari ba. Da likita ya ce ya rage tumbi, sai ya shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya, ya rantse wa matarsa zai kawo lambar kammalawa. Sau uku ya fita atisaye cikin wata huɗu. Wai taka keken ɗinki ma gudu ne.

Ranar tseren, a kilomita na shida ya zube bakin wata ƙofa yana haki. Ashe gidan ungozoma ne, wadda yadinta ya shekara biyu a shagonsa.

Ta leƙo ta ce, "Tela, ina rigata?"

Ya miƙe ya zura, ta bi shi. Mai kitso ta shiga sahun masu binsa, sai malamar makaranta, sai ni a bayan babur ɗin jikana. Duk inda ya sassauta, akwai mai yadi a shagonsa.

Haka ya ƙetare layin ƙarshe, aka rataya masa lamba, muka kewaye shi. Da numfashinsa ya dawo ya dube ni.

"Inna, wallahi gobe."