Mazarƙwaila a Bakin Zanen Inna

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan manta da safiyar da Inna ta ba ɗiyata suga da hannunta ba.

A Kaura muke zaune. Yarinyar tana aji biyu na firamare aka gano tana da ciwon suga irin na yara, wanda sai da allura kullum. Mahaifiyata, Inna, na jin labari ta hawo mota daga Dauran da ƙullin garafuni da shuwaka. Ita fa a wurinta magana ɗaya ce, ɗaci ke kashe zaƙi. "Wagga ɗiya kun mai da ta rariya da allura," in ji ta. Duk abin zaƙi da ke gidan ta kwashe ta ɓoye, har sugan shayin maigida.

Ran nan na yi wa yarinya allurarta na shiga madafa. Ashe Inna ta tafasa ganyen ta ba ta kofi guda. Ɗacin ya tayar mata da zuciya, ta ture kununta. Ga allura a jiki, ga ciki wayam. Ina fitowa na iske ta tana rawar jiki, zufa sharkaf. Na gwada jininta, suga ya faɗi ƙasa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Inna, ina kika kai sugan nan?"

"Ke, lafiyarki? Mai ciwon suga za a ba suga?"

"In ba ta sha yanzu ba, rasa ta za mu yi."

Ta dube ni, ta dubi jikarta, ta ruga ɗaka. Ita ta dama, ita ta ba ta, yarinya na haɗiya a hankali. Can sai muka ji, "Kaka, yunwa nake ji." Tsohuwa ta fashe da kuka.

Tare muka je asibiti. Likita bai yi mata faɗa ba. Ya ce babu ganyen da zai tsaya a madadin allurar nan, kuma duk abin da za a ƙara wa yarinya a fara tambayarsa.

Yau ɗiyata tana sakandare, da kanta take yi wa kanta allura. Abin da na koya shi ne, mai ƙaunar yaro a zaunar da shi a yi masa bayanin ciwon tun da wuri. Garafunin Inna ya koma cikin fate. Ita kuwa har gobe ba ta zuwa gidana sai da mazarƙwaila ɗaure a bakin zanenta, wai ko jikarta za ta buƙata.